Rabin Abincin Wushirya

Dakta likitan haƙori ne, kuma ya yi shekaru yana hira da mutanen da ba su da halin ba shi amsa. Mutum yana kwance a kujera, baki a wangame, auduga a kumatu, sai Dakta ya tambaye shi iyali, ya amsa wa kansa cewa suna lafiya, ya ci gaba da aikinsa. Irin wannan hira ta yi masa daidai. Illarta ɗaya ce: idan aka haɗa shi da mutumin da bakinsa yake a sake, ba ya sanin inda zai sa kansa.

'Yarsa ɗaya ce tak, ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe, amma Auta ake ce mata, don uwarta ta duba ta ga wannan sunan ya fi gata. Ta tafi wata ƙasa mai nisa koyon aikin likita. A da idan ta kira, Mama ce take ɗauka, su yi ta zuba har wayar ta yi zafi, sannan a ce, "Ga Babanki." Dakta ya karɓa ya tambayi lafiya, ya tambayi karatu, ya tambayi sanyi, ya ce madalla, ya juya dama ya ce, "Ga Mamanki." Kowa ya gamsu da wannan tsari.

Bayan Mama ta rasu, a kiran farko ya yi tambayoyinsa kamar kullum, ya juya dama da wayar a hannu, ya tarar da kujera. Suka yi ta jin numfashin juna, har Auta ta ce ana nemanta. Daga nan kira ya koma saƙo, saƙon ma ya yi ta gajarta har ya zama ɗan hoton hannu biyu na addu'a. Shi ma ya koyi inda ake samo hoton, yana mayar mata.

Ana nan sai ga saƙo mai tsawo, wanda ya fara da, "Baba, don Allah kada ka yi dariya." Dakta bai yi dariya ba, tabarau ya sa ya karanta. Ashe akwai wani wasa a waya da ake kiwon dawaki, na zane ba na gaske ba, kuma mutane masu hankali da aikin yi suna tashi da safe su share musu barga. Auta tana da goɗiya a ciki tun tana sakandare, ga shi goɗiyar ta haihu. A dokar wasan duƙushi, wato ɗan doki, sau biyu yake cin abinci a yini, kuma ba a haɗa masa biyun lokaci guda. Na safe ita za ta ba shi kafin ta fita. Na biyun yana faɗowa ne lokacin da take zagayen marasa lafiya a bayan manyan likitoci, inda duk wanda aka gani da waya sai ya gwammace bai zo aiki ba. Wasan ya yarda mai doki ya ɗauki mataimaki ɗaya muddin dokin yana ƙarami.

"A da Mama ce take yi min," ta rubuta a ƙarshe. "Wurinta yana nan, ban goge ba."

Dakta ya zauna da matar nan shekaru masu yawa bai san tana kiwon doki ba. Ya tuna yadda takan zauna bayan azahar kusa da taga tana latsa waya, fuska a ɗaure kamar mai shari'a. Shi duk ya ɗauka rigimar dangi take sasantawa.

Sista ce ta sa masa wasan a wayarsa. Ita ce ma'aikaciyar jinyar da take miƙo masa kayan aiki, kuma ta daɗe da shi har ta daina jin tsoronsa, idan ma ta taɓa ji.

"Ga ka nan, Dakta," ta ce.

A fuskar wayar wata 'yar gajerar mata ce ta zane, da koren ɗankwali da takalman roba har gwiwa, tana riƙe da bokiti.

"Wannan ai mace ce."

"Haka aka bar ta. In canza maka? Akwai mai gemu, akwai mai faɗin kafaɗa. Mai tumbi ne dai ban gani ba."

Ya daɗe yana kallon ɗankwalin. Akwai irinsa a gida, a cikin durowar da ba ya buɗewa.

"Bar shi haka," ya ce. "Ɓata lokaci ne."

Duƙushin ja ne, ƙafafunsa dogaye kamar na aro, da siririn farin layi a goshi. Auta ta sa masa suna Wushirya. Dakta bai tambayi dalili ba. Marigayiya tana da wushirya, kuma ranar da ya fara ganinta ta zo ne a toshe mata ita. Shi da bai taɓa mayar da aiki ba, ranar ya ce mata injinsa ya lalace.

Aikin ba shi da wuya. Da rana, idan aka sallami mara lafiya na ƙarshe kafin hutu, Sista ta zuba kayan aiki a tukunyar da ake dafa su, sai Dakta ya wanke hannu, ya zauna a kan 'yar kujerarsa mai taya, ya shiga barga. Busasshiyar ciyawa ake zubawa a komi, wato mazubin abincin doki, a yayyafa dusa kaɗan, a cika ruwa. Hatsi sai ya girma, in ba haka ba cikinsa ya kumbura. Akwai wani ɗan maɓalli da ake ja da yatsa har ya kai wani jan zane, nan ne cikakken awo. Sai matar mai koren ɗankwali ta juye bokiti, Wushirya ya tsoma kai, kunnuwansa suna motsi, ana jin ƙarar tauna. Dakta ya lura cewa waɗanda suka zana dokin ba su yi masa haƙori ba, ya kuma faɗa wa Sista cewa wannan sakaci ne.

A bangon bargar akwai ɗan allo da mai doki da mataimaki suke barin wa juna magana, 'yan kalmomi kawai yake ɗauka.

"Baba, ka cika masa ruwa, jiya ka manta."

"An cika."

"Ya fara gudu, ka gani?"

"Na gani. Ba ya duba gabansa. Na san inda ya gado."

Wannan amsa ta ƙarshe, sai da ya yi safiya guda yana tsara ta a kansa, yana cike haƙorin wani direba. Da ta mayar masa da hoton fuska mai dariya, ya nuna wa Sista kamar takardar yabo.

Ya kuma samu wata sabuwar ɗabi'a. Kafin ya sha shayin safe sai ya leƙa bargar. Ba shi da aikin yi a lokacin, komi kawai yake dubawa. Idan ya ga ragowar ciyawa a gindinsa, ya san Auta ta tashi lafiya, ta kuma samu sararin tsayawa a wurin nan da shi ma zai tsaya an jima. Bai taɓa ganinta a ciki ba. Sawunta kawai yake tararwa.

A saman fuskar wayar akwai wani koren layi da yake ƙara tsawo kullum. Wata rana ya tambayi Sista amfaninsa.

"Girmansa ke nan. In ya cika ya zama doki."

"Sai kuma me?"

"Sai a sallami mataimaki."

"A sallame shi zuwa ina?"

"Gida mana, Dakta. Ritaya ce, ba ko walimar ban kwana."

Layin ya riga ya wuce rabi. Dakta ya ce abin banza ne, ya kife wayar, ya ce a shigo da na gaba.

Abin ya fara ne da kuskure na gaskiya. Wani mutum ya faɗo asibitin daidai lokacin hutu, kumatu ya kumbura, yana nishi. Dakta ya ja maɓallin a gurguje, bai kai jan zanen ba, ya tashi. Washegari ya ga koren layin kusan bai motsa ba, kuma Wushirya yana nan a tsaye, bai yi ciwo ba, bai mutu ba. Dakta mutum ne da ya yi jami'a, ba ya yarda da abu sai ya maimaita gwaji. Ya maimaita, ya samu amsa iri ɗaya. Daga nan ya ci gaba da maimaitawa kullum, don ilimi.

Hujjoji ba su yi masa wuya ba. Ƙiba ba ta da kyau ga ƙananan dabbobi. Komai na zamanin nan sauri yake yi, kaji ma ba a barinsu su san duniya. Kuma ai zane ne, zane ba ya jin yunwa.

Allon bango ya cika da magana. Auta ta rubuta cewa sa'o'in Wushirya duk sun yi tsawo, shi yana nan kamar akuya. Ta tambaya ko yana cinye abincinsa. Dakta ya ce yana cinyewa tas, kuma gaskiya ya faɗa. Ta ce ko tsutsar ciki ce, ya ce a duba. Ta duba ba ita ba ce. Ya tuna mata cewa ita ma ta daɗe ba ta yi tsawo ba, har uwarta ta riƙa auna ta tana zana layi a jikin ƙofar kicin. Ta ce ta tuna, ta tambaya ko zanen yana nan. Da ya koma gida ya je ya duba, ya tarar yana nan, ya rubuta mata. Tun da aka yi rasuwa ba su taɓa yin magana mai yawa haka ba. Dakta har ƙiba ya yi a makonnin nan.

Sai dai waɗanda suka manta da haƙori ba su manta da haƙarƙari ba. Wata rana wasu 'yan layuka suka bayyana a gefen cikin Wushirya. Kuma ya koyi wani abu: idan ya cinye rabin nasa, sai ya ɗago kai daga komi ya tsaya yana kallon matar mai koren ɗankwali. Nan ne Dakta yake kife wayar.

"Dokin nan haƙarƙarinsa ya fito," in ji Sista, tana goge fitilar saman kujera, ba ta ko dube shi ba.

"Jinsinsu ne haka."

"Jinsin waɗanda Allah ya haɗa da marowaci."

"Sista, tukunyar nan tana huci."

"Aikinta ke nan. Ni dai ban ga komai ba. Amma yarinyar nan likita ce, Dakta. Ta san kamannin yunwa."

Ranar da abin ya fito, rana ce kamar kowace. Ɗakin yana warin maganin wanke baki, fanka tana juyawa, Sista ta fita sayen abinci. Dakta ya shiga barga, ya ja maɓallin zuwa inda yatsansa ya riga ya saba tsayawa, matar ta juye bokiti. Sai da Wushirya ya ɗago kai sannan ya lura ba ita yake kallo ba. A bakin ƙofar bargar wata doguwar yarinya ce ta zane, da hula ruwan ɗorawa, tana tsaye ba ta motsi. Bai san tun yaushe take wurin ba.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa.

"Baba."

"Auta. Lafiya? Ba kya wurin aiki?"

"Na yi musanya da wata. Rabi ka zuba."

"A ƙasar taku an daina gaisuwa ne?"

"Ina wuni. Rabi ka zuba."

"Hannuna ne ya zame."

"Kai da kake aiki a cikin bakin yaro yana harbin iska, hannunka bai taɓa zamewa ba sai a kan ciyawa?" Ta ja numfashi. "Na ɗauka wasan ne ya lalace. Har mutanen da suka ƙera shi na rubuta wa, na gaya musu maganganun da ba kai ka koya min ba."

"Ƙiba tana lanƙwasa ƙafar ƙaramin doki."

"Wa ya gaya maka?"

"Sananne ne."

A fuskar wayar su biyun suna tsaye, uwa da bokiti, 'ya a bakin ƙofa, doki a tsakani.

"Na tsaya nan ina kallon Mama tana hana shi abinci," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Na san kai ne. Amma ɗankwalinta ne, Baba. Ita ƙari take son yi, wasan ya hana ta. Kullum sai ta yi min ƙorafi wai awon nasu na marasa imani ne."

Dakta yana da amsa, gajeriya ce, ba ta fi ƙarfin allon bango ba. Ya buɗe baki, sai wata maganar ta fito.

"In ya girma me za ki yi da shi?"

"In sake shi a makiyaya, in goge wasan. Ba ni da lokaci, wallahi barci ma aro nake yi. Don dai ɗan goɗiyar da Mama ta yi rainonta ne, ba na son in tafi in bar shi a ƙarami."

"To."

"To me?"

"To allon fa?"

"Wane allo?"

"Ba komai."

Ya ji ƙarar wata mota a can ƙasar, motar da ba zai taɓa gani ba.

"Ka cika masa, Baba," ta ce a hankali.

Ya ja maɓallin har jan zane. Wushirya ya tsoma kai. Yarinyar mai hula ta tsaya har ya cinye, sannan ta ɓace.

Daga ranar cikakken awo yake zubawa. Haƙarƙarin ya shafe, koren layin ya kama hanya kamar mai ramuwa. Allon ya koma gajerun maganganu: an ba shi na safe, an ba shi na rana. Sau ɗaya ta rubuta cewa za a ba ta hutu a ƙarshen mako, za ta yi barci har ta gaji. Ya amsa da madalla. Kullum yana zuba abincin da zai kore shi daga aiki, yana kuma cika ruwa har baki, don kada a ce.

Da safiyar da layin ya rage ɗan ƙiris, ya tarar ta rubuta, "Na ƙarshen naka ne."

Da rana ya wanke hannu har sau biyu. Ya gyara zaman wasu kwalabe da ba su motsa ba. Ya tambayi Sista ko akwai wanda yake jira.

"Akwai," ta ce. "Mai ƙafa huɗu."

Ya zuba. Wushirya ya ci, sai taurari suka tarwatse a fuskar wayar, aka busa wani ɗan kiɗa mai arha, ga jan doki ƙato a tsaye, farin layin yana nan a goshinsa. Rubutu ya fito yana gode wa mataimaki, yana sanar da shi cewa aikinsa ya ƙare. Wannan duk Dakta ya shirya masa. Amma sai matar mai koren ɗankwali ta ajiye bokitinta a gindin komi, ta juyo, ta ɗaga hannu, ta fita ta ƙofar barga. Ba wanda ya gaya masa za ta ɗaga hannu.

Sista ta ɗauki tiren kayan aiki ta fita da shi, ko da yake ba inda ake kai shi.

Washegari da safe ya leƙa, ƙofar bargar ta ƙi buɗuwa. Da rana ya wanke hannu, ya zauna a kujerarsa mai taya, wayar tana kan cinyarsa. Ya juya hagu, ya juya dama. Fanka tana ta aikinta.

"Wayar nan, Dakta," in ji Sista, "an ce har kira ana yi da ita."

"Tana zagayen marasa lafiya."

"Yau take hutu. Kai ka gaya min, a allon doki ka karanto."

"Barci take yi."

"To ka tashe ta. Ita ta sha tashinka tana jaririya."

Sai da ta fita ya kira. Ta daɗe ba ta ɗauka ba, muryarta ta fito a dishe.

"Baba? Wani abu ya faru?"

"Ba abin da ya faru. Lafiya?"

"Lafiya lau."

"Aiki?"

"Alhamdulillahi."

"Sanyi?"

"Da sauƙi."

"Madalla."

Tambayoyin suka ƙare a inda suka saba ƙarewa. Wuyansa ya juya dama da kansa, ya ga kwandon shara da kalandar kamfanin man goge baki. Ya ji ta ja numfashi, irin wanda ake ja kafin a ce ana nemana.

"Kin ci abinci?" ya ce da sauri.

"Na sha shayi."

"Shayi ba abinci ba ne."

"Akwai ragowar shinkafa a firij."

"Ɗumama ta."

"To, in na gama sai in kira ka."

"Ina nan. Je ki ɗumama."

"Baba, haka kawai za ka zauna kana jin ƙarar tukunya?"

"Hutu nake yi."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci, irin ta uwarta. Ya ji takun silifa, ya ji an buɗe firij, an rufe, an kunna wuta, cokali yana kankare gindin tukunya. Ya ji an ja kujera. Bai taɓa ganin kicin ɗin ba, amma ya gane ƙarami ne, don komai kusa da komai yake.

Sista ta leƙo ta nuna masa da hannu cewa mutumin nan mai kumburarren kumatu ya dawo. Dakta ya ɗaga mata yatsa, alamar mutumin ya jira. Ta dube shi, ta ja ƙofar.

Cokali ya fara taɓa faranti. Can sai Auta ta yi wata magana da abinci cike da bakinta, ba a jin komai sai gunguni. Wannan yaren Dakta ya fi kowa saninsa, kuma har amsar ta zo masa baki, irin wadda ya saba ba wa kansa ya wuce. Ya haɗiye ta.

"Ban ji ba," ya ce. "Haɗiye tukuna, ki sake faɗa."

Ya gyara zama, ya matsa wayar a kunne, yana jira.